Aikin sensar bitamin C: abin da nake rubutawa kullum

4 ga Fabrairu

Na fara ajiye wannan rubutun ne don kada abubuwa su riƙa ɓace min. Abin da nake so in haɗa shi ne ƙaramar sensa da za a ɗiga mata ruwan lemu ko fitsari ko ruwan jini ta faɗi yawan bitamin C da ke ciki cikin minti ɗaya ko biyu, ba sai an kai samfur gaban injin HPLC ba, wato babban injin lab da ke rarrabe sinadaran da ke cikin ruwa ya auna kowanne, wanda kowa ya san tsadarsa da layin da ake bi kafin a samu a hau shi. Tushen abin ba wuya a fahimta, bitamin C idan ya taɓa fuskar ilektrod, wato ɗan sandan da ke ɗaukar lantarki da ake tsomawa a ruwan, da aka ba isasshen boltij yana sakin ilektron 2 da firoton 2 ya koma wani sinadari da ake kira dihaidro'askobik asid, waɗannan ilektron ɗin su ne karant ɗin da na'ura ke gani, kuma gwargwadon yawan bitamin gwargwadon girman karant. Dabarar auna abu ta hanyar kallon karant da boltij tsohuwa ce, Jaroslav Heyrovský ya fito da folarogirafi tun 1922 a birnin Farag har ya samu kyautar Nobel a 1959, abin da ya canja yanzu kawai kayan sun ƙanƙance sun yi araha.

Ilektrod uku ake buƙata: na aiki inda bitamin ke sakin ilektron, na ma'auni wato azurfa da kolorayid ɗin azurfa wanda shi ake auna boltij da shi, sai na uku da ke rufe da'irar, waya ce ta filatinom ko sandar kabon. Na aikin zan fara da bakin fensir, girafayit ne, kuma mutane da yawa sun yi aiki da shi ya yi.

7 ga Fabrairu

Kaya sun iso, ban da nanotub, wato ƴan siraran bututun kabon da ido ba ya gani waɗanda zan shafa a fuskar ilektrod. Na haɗa bafa, wato ruwan da ke riƙe pH (ma'aunin tsami) a wuri ɗaya, ta fosfet 0.1 mola pH 7. Wanke kwalabe kawai yau.

11 ga Fabrairu

Kafin in taɓa bitamin sai da na gwada ilektrod da ferisayanayid, 5 milimola cikin 0.1 mola na fotasiyom kolorayid, don shi ne gwajin da ke nuna ko fuskar ilektrod na da lafiya. Ana ɗaga boltij a hankali sannan a dawo da shi, inda karant ya yi tsalle sai tudu ya fito a giraf. A lissafi tazarar da ke tsakanin tudun zuwa da tudun dawowa ya kamata ta zama kusan milibolt 59 ga sinadari mai ilektron ɗaya a zafin digiri 25 na Salshiyas, nawa kuwa ya haura 150, tudun ma a baje suke kamar ba sa son fitowa. Bakin fensir ba girafayit ba ne zalla, akwai yumɓu da kakin da ake haɗa shi da su, kakin nan shi ke toshe fuska. Na goge shi da takardar yashi mai laushi na wanke da asiton, sannan na ba shi boltij mai ƙarfi na ɗan lokaci a cikin bafa don fuskar ta buɗe, tazarar ta sauko ƙasa da 100. Bai kai na littafi ba amma dai za a iya aiki da shi.

Wata matsalar kuma layin giraf ɗin na rawa sosai, hayaniyar wutar lantarkin ɗakin ce ke shiga wayoyi. Na naɗe kwali da takardar alminiyom na haɗa shi da waya zuwa ƙasa na sa komai a ciki, layin ya kwanta nan take. Wannan gyaran bai ci ko sisi ba.

13 ga Fabrairu

Yau na ga bitamin C da idona a kan allo, alhamdulillahi. Miligiram 17.6 a mililita 100 ya ba ni 1 milimola tunda nauyinsa giram 176 ne a kowane mol. Tudu ɗaya ya fito wajen bolt 0.3 zuwa 0.4, da na juyo da boltij baya kuma babu tudun dawowa, haka ya kamata ya kasance domin abin da bitamin ɗin ke komawa yana haɗuwa da ruwa da sauri ba ya komowa yadda yake. Na canja saurin sikanin daga milibolt 25 zuwa 200 a daƙiƙa, tsayin tudun ya bi tushen murabba'in saurin, ma'ana bitamin ɗin yana tahowa ne daga cikin ruwa zuwa fuska ba manne yake a jikinta ba.

18 ga Fabrairu

Wannan makon ya ba ni wahala wallahi. Na haɗa ruwan ma'auni da safe na auna, na dawo da yamma na auna ruwan nan dai da ilektrod ɗin nan dai sai na ga tudun ya ragu sosai, washegari ya ƙara raguwa. Tambayar ita ce wa ke da laifi, ilektrod ɗin ne ya dasashe ko bitamin ɗin ne ya mutu a kwalba, kuma dole a raba su biyun domin maganinsu daban. Sai na yi haka: sabon ilektrod a tsohon ruwa, tsohon ilektrod a sabon ruwa. Amsa ta fito duka biyun ne, amma na ruwan ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Bitamin C ba ya jure iska a pH 7. Iskar oksijin da ke narke a ruwa tana cinye shi, haske da zafi na ƙara wa abin gudu, kuma idan akwai ɗan ɓurɓushin tagulla ko ƙarfe a ruwan to abin ya zama kamar an zuba wa wuta fetur. Shi ya sa masu aunawa a abinci ke tsamo shi da metafosforik asid, yana saukar da pH yana kama ƙarafan yana kuma daskarar da furotin. Yanzu tsarina ya canja, babban ruwan ajiya zan riƙa haɗa shi cikin asid da ɗan EDTA, sinadarin da ke kama ƙarafa, a kwalba mai duhu a cikin ƙanƙara, sai daidai lokacin aunawa in ɗiba in zuba a bafa, kuma duk wanda ya kwana zubarwa za a yi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan ba matsalar lab ba ce kawai. Duk samfurin da aka matse aka ajiye aka ɗauka zuwa wani wuri kafin a auna, lambar da za a samu ta riga ta yi ƙasa da gaskiya, wannan kaɗai ya isa hujjar a yi sensar da za a kai ta inda samfurin yake.

Shi kuma ilektrod ɗin, abin da bitamin ke komawa yana ɗan manne wa fuska, bayan aunawa da yawa sai ta yi nauyi. Da fensir maganin da sauƙi, a karye bakin a fito da sabo.

21 ga Fabrairu

Layin kalibireshan na farko, wato giraf ɗin karant da sanannen yawan bitamin, daga maikromola 50 zuwa 2 milimola, ya miƙe lafiya. Na bar sikanin zuwa da dawowa na koma DPV, wato boltij mai tafiya da ƙananan bugu, saboda yana rage karant ɗin bango tudun ya fito siriri.

25 ga Fabrairu

Lemu na gaske. Na matse na tace na sirka sau 20 da bafa. Ruwan lemun zaƙi sabo yana ɗauke da wajen miligiram 50 a mililita 100, kusan 3 milimola ke nan, don haka yawa ba shi ne damuwa ba. Da na karanta kai tsaye daga layin kalibireshan lambar ta fito ƙasa da abin da titireshan na ayodin ya ba ni, wato aunawa ta hanyar ɗiga ayodin har launi ya canja, dalili kuwa ruwan lemu ba bafa ba ne, akwai sukari da fektin da ɓarɓashi da ke canja yadda bitamin ke isa fuska. Sai na koma hanyar ƙara sananne: a auna samfur, a ƙara masa bitamin da aka san yawansa a sake aunawa, a ƙara kuma, sannan a ja layin baya a ga inda ya yanke. Da wannan sakamakon biyu suka matso kusa da juna. Ya fi cin lokaci amma na fi yarda da shi.

Na gwada na kwali ma. Wani daga ciki ya ba da lamba da ta fi ƙarfin abin da ke rubuce a jikinsa, ina zargin salfayit ne da ake sawa don hana lalacewa, shi ma yana sakin ilektron kuma ayodin ma yana ƙirga shi a matsayin bitamin, to ka ga titireshan ɗin ba zai iya zama alƙali a nan ba tunda cutar ɗaya ce ke damunsu.

2 ga Maris

Nanotub na kabon ya iso. Shi da sinadarin enzayim da na yi oda su biyun sun cinye fiye da rabin kuɗin da aka ware wa aikin gaba ɗaya, fensir da bafa da gishiri kuwa ba su kai komai ba. Dole in yi tsimi.

6 ga Maris

Dalilin sayen nanotub shi ne yurik asid, wani sinadari da jiki ke fitarwa a fitsari. A lemu babu ruwanmu da shi amma a jiki shi ne babban abokin gaba, a jinin mutum mai lafiya bitamin C yana wajen maikromola 50 ne, yurik asid kuwa yana kaiwa 200 zuwa 400, a fitsari ma ya fi haka nesa, kuma a kan kabon tsirara su biyun suna sakin ilektron a kusan boltij ɗaya. Na haɗa su a kofi ɗaya na auna da fensir, tudu ɗaya ƙato ya fito, ba yadda za ka ce wannan na wane ne. Idan aka shafa nanotub a fuska bitamin C yana sakin ilektron da wuri, tudunsa ya matso kusa da bolt sifili, yurik asid ya tsaya wajen 0.3, sai a samu fili tsakaninsu.

Matsalar ita ce nanotub ba ya son ruwa, dunƙulewa yake yi. Na sa shi a injin girgiza na sauti ya watse, na ɗiga a fuska ya bushe, da na tsoma a bafa sai na ga baƙin yana ɓantarewa yana yawo a kofi. Yana buƙatar abin da zai riƙe shi.

9 ga Maris

Abokin aikina yana da ragowar Nafion, wani polima da ake shafawa ya bushe ya zama siririyar fata, ya ba ni in gwada, shi da shi yake riƙe nasa. Ya riƙe nanotub ɗin da kyau kam, ba abin da ya ɓantare, amma tudun bitamin C ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. Na kai wa Malam giraf ɗin na ce Malam dubi abin da ya faru, ya kalla ya ce min "to kai, a pH 7 wane caji bitamin ɗin naka ke ɗauke da shi?" Nan take abin ya faɗo min. pKa na farko na bitamin C, wato pH ɗin da rabinsa ke sakin firoton, wajen 4.2 ne, don haka a pH 7 kusan dukkansa askobet ne mai caji nagatif, shi kuma Nafion cike yake da rukunin salfonet masu nagatif, suna korar juna. Masu auna dofamin a ƙwaƙwalwa ma don wannan suke shafa shi, don ya kore musu bitamin C. Abokin nawa abin da yake aunawa mai caji fozitif ne shi ya sa yake masa aiki.

Malam ya ce in gwada kaitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatanlande, shi fozitif ne a ruwa mai ɗan tsami. Akwai shi a lab, ba sai na saya ba.

12 ga Maris

Kaitosan cikin 1% asetik asid, nanotub a ciki, ɗigo kaɗan a fuska a bar shi ya bushe da kansa. Ya zauna. Na sauke bafa zuwa pH 6 don kaitosan ɗin ya riƙe cajinsa. Tudu biyu sun rabu sarai, na bitamin a hagu na yurik asid a dama, na daɗe ina kallon allon. Na ƙara yurik asid ninki goma tudun bitamin bai motsa sosai ba.

Sai dai idan ɗigon ya yi yawa fatar ta yi kauri karant ɗin bango ya tashi ya haɗiye ƙananan tudu, kuma ilektrod biyu da na yi a rana ɗaya ba sa ba da tsayi ɗaya. Hannu ba ya ɗiga abu daidai sau biyu. Wannan zai dame ni nan gaba.

14 ga Maris

Maimaita na jiya. Babu sabon abu.

17 ga Maris

Na koma kan ilektrod bugaggu, irin ƴan filastik ɗin nan da aka buga ilektrod ukun a kansu kamar tsinken gwajin sukari, domin a ƙarshe su za a yi amfani da su ba fensir da kofi ba. Ɗigo ɗaya ya isa ya rufe su. Amma tudun ya riƙa yawo, yau yana nan gobe ya matsa da milibolt masu yawa, musamman tsakanin bafa da fitsarin roba da na haɗa. Dalili shi ne ilektrod na ma'auni a kansu azurfa ce kawai a buɗe, ba ta cikin ruwan gishirinta kamar na gilashi, don haka boltij ɗinta ya dogara da yawan kolorayid da ke cikin samfurin, ninki goma na kolorayid yana matsar da ita kusan milibolt 59. Na sa 0.1 mola fotasiyom kolorayid a duk bafar da nake sirki da ita, yawon ya ragu ƙwarai.

Wannan aikin ya sa na ƙara girmama tsinken gwajin sukari. Tun 1962 Leland Clark da Champ Lyons suka kawo shawarar haɗa enzayim da ilektrod, an ɗauki shekaru kafin abin ya zama na aljihu, kuma har yau bitamin C mai yawa a jini na iya rikita wasu na'urorin sukari, abin da su ke ƙoƙarin kaucewa shi ni nake nema.

22 ga Maris

Gwajin da na fi jira. Rabuwar tudu biyu a kofin da ni na haɗa bai tabbatar da komai ba game da samfur na gaske, domin a can akwai abubuwa da yawa da ban sa da hannuna ba, folifenol a ƴaƴan itace, magunguna irin su farasitamol a fitsari, kowanne yana iya zama a ƙarƙashin tudun ina ƙirga shi a matsayin bitamin. Amfanin enzayim ɗin ke nan, askobet oksidez, aikinsa ya cinye bitamin C shi kaɗai. Sai a raba samfur biyu, a auna ɗaya yadda yake, ɗayan a sa masa enzayim a jira a auna, bambancin da ke tsakaninsu shi ne bitamin na gaskiya.

A lemun da na matse tudun ya kusa shafewa bayan enzayim, wato kusan dukkansa bitamin ne. A ruwan kwalin nan da nake zargi kuwa wani kaso mai kauri ya rage yana zaune, enzayim bai taɓa shi ba. Da na cire wannan ragowar lambar ta dawo kusa da ta jikin kwali. A ganina duk wanda ya ce ya yi sensar bitamin bai yi irin wannan gwajin ba to tudu kawai ya nuna mana, bai nuna mana bitamin ba tukuna, kuma takardu da yawa da na karanta a ruwa mai tsabta suke tsayawa su ba da ƙaramar lambar iyakar ganowa su wuce.

Enzayim ɗin yana son sanyi kuma ba ya aiki a cikin metafosforik asid, sai an dawo da pH wajen 6 tukuna. Kaɗan ya rage min, na raba shi ƙananan kwalabe na sa a firiza.

Akwai kuma abin da sensar ba ta gani sam, wato bitamin ɗin da ya riga ya koma dihaidro'askobik asid, alhali jiki yana iya amfani da shi. Idan ana son jimilla sai an dawo da shi da wani sinadari kamar DTT, shi kuma DTT ɗin da kansa yana ba da karant. Na ajiye wannan gefe, a yanzu abin da nake aunawa shi ne wanda bai lalace ba kuma haka zan rubuta.

26 ga Maris

Na ɗan leƙa bitamin B2, ribofilabin, don in ga ko ilektrod ɗaya zai iya ɗaukar biyu. Shi a ɓangaren nagatif yake fitowa wajen bolt 0.4 zuwa 0.5 ƙasa da sifili, nesa da bitamin C, kuma yana da tudun zuwa da na dawowa masu kyau. Amma a can oksijin ma yana karɓar ilektron ya ɗaga bango, sai da na hura naitirojin a ruwan kafin tudun ya fito tsaf. Haske kuma yana lalata shi da sauri, ruwan ɗorawa ne mai sheƙi, na naɗe kwalbar na rage fitila. A madara yawansa ƴan maikromola ne kawai kuma ga kitse ga furotin, wannan aiki ne na daban, ba yanzu ba.

30 ga Maris

Takardar neman izinin kwamitin ɗa'a don amfani da samfurin jini da fitsarin mutane ta shiga, sai jira. Kafin nan ina aiki da fitsarin roba da ruwan albumin, wato furotin ɗin da ya fi yawa a ruwan jini, mai yawan da ya yi kama da na jini. Albumin ɗin ya nuna min abin da ke tafe, aunawa ta farko lafiya, ta biyu ta ragu, zuwa can fuskar ta toshe da furotin. Ko dai a daskarar da furotin da asid a juya a injin sentirifuj kafin a auna, wanda ya rushe maganar minti biyu, ko a sirka sosai, amma maikromola 50 idan aka sirka sau goma saura 5, kuma iyakar ganowata ta yanzu, da na lissafa da ninki uku na rawar bango a raba da gangaren layi, tana dab da wurin. Ba ni da sarari.

3 ga Afrilu

Tsarin makonni masu zuwa. Zan daina ɗiga nanotub da hannu in gwada ɗora kaitosan ɗin da lantarki don kaurin ya zama ɗaya a kowane tsinke, sannan in yi tsinke da yawa a zama ɗaya in auna bambancin da ke tsakaninsu, idan ya wuce 10% ba zan ci gaba zuwa jini ba sai na gyara. Zan gwada siririyar fatar selulos asitet a sama ko za ta tare furotin ta bar bitamin ya wuce, duk da na san za ta rage karant. Zan ajiye wasu tsinken a firij wasu a ɗaki in riƙa ɗauko ɗaya duk mako in ga yaushe suke mutuwa. Malam ya yi alkawarin nema min lokaci a kan HPLC don a gwada samfur ɗaya ta hanyoyi biyu a rana ɗaya, dole a rana ɗaya saboda saurin lalacewar bitamin da na gani a watan Fabrairu. Kuɗin da ya rage zai isa ƙarin tsinke da enzayim kwalba ɗaya, fotenshiyostat na aljihu, wato na'urar da ke ba da boltij ta auna karant, da nake son haɗawa da ƙaramin allon kwamfuta na Arduino sai an samu wani tallafin.